Kajin Inna a Ɗakin Lambu

Ni magini ne, kuma rumbu na fi ginawa. A shekarun da nake magana, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai, in ka bi ƙauyukan da ke tsakanin Kiru da Dangora ka ga rumbun da ya shekara biyar ɓera bai leƙa shi ba, to da wuya in ba hannuna ba ne. Ba fariya ta sa na fara da wannan ba. So nake a san irin mutumin da ya yi abin da zan faɗa, don kuskuren ba na wawa ba ne. Sai wanda ya iya aikinsa ƙwarai zai yi irinsa.

Baba ya rasu ana cikin yankan dawa. Ya bar mana gida da gona, da kuma lambu a bayan gida. Tsakanin katangar gidan da dangar lambun akwai 'yar hanya da mutane ke bi zuwa rafi, saboda haka lambun a waje yake, ba a cikin gida ba. Akwai rijiya da jigo a ciki, da komayen albasa, da lemun tsami guda ɗaya wanda bai taɓa yin abin kirki ba, sai kuma wani ɗan ɗakin ƙasa mai jinka da Baba ya gina da hannunsa yana ajiye kayan aiki. Baba manomi ne na gaske, amma gini bai karɓe shi ba. Ɗakin ya karkace wajen gabas, bangon duk tsaga, tsakanin bango da jinka kuwa sai ka zura hannu ya shige gaba ɗaya. Tun ina koyon gini nake jin kunyar ɗakin nan, don duk mai zuwa rafi sai ya gan shi, kuma kowa ya san ɗan gidan magini ne. Na sha ce masa ya bari in rushe in sake, shi kuma ya ce fartanya ba ta taɓa kawo masa ƙara ba.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta taka ƙofar gida ba. Ranar sadakar bakwai yayanta ya zo, Kawu ke nan, daga ƙauyensu can gaba da Tudun Wada, wajen da duwatsun Doguwa ke fara bayyana. Tafiyar kwana biyu ce a kan jaki. Da zai koma ya kira ni zaure.

"Ranar da ta fita zan zo in tafi da ita," ya ce. "Shekara talatin tana hidimar gidan nan. Ta zo ta huta cikin danginta."

Na ce, "To, Kawu."

Ba abin da zan iya cewa ya wuce haka. Yana da gaskiyarsa, kuma ba mugun mutum ba ne. Ƙannena biyu mata ne, duk suna gidajen mazajensu, girki kuwa tuni ya koma hannun matata. In an duba da idon mutane, ba abin da Inna ke yi a gidan. Amma ban so ta tafi ba. Zan faɗa a fili tunda yanzu ba sauran wanda zan ji kunya: tunanin in shigo da yamma in tarar da ɗakinta a rufe ya fi rasuwar Baba tsaya mini a rai.

Abin da ya hana ni gaya mata shi ne ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce a kira wancan. In na gaishe ta da safe daga bakin ƙofa, ta amsa tana duban wani wuri. Ba ta yabona, ba ta yi mini faɗa, abin da take so in sani kuwa sai ta gaya wa matata da ƙarfi yadda zan ji. Haka na tashi, ban san wata hanyar zama da uwa ba, kuma ban taɓa ɗaukar abin rashin so ba. Sai dai wanda aka yi wa irin wannan reno ba ya zuwa ya durƙusa ya ce, Inna, kada ki tafi. Bakin ba zai buɗu ba.

Inna tana da kaji goma sha uku. Nata ne na kanta, tsatson wata kaza da uwarta ta ba ta tun tana amarya. Ta san kowace da halinta, ta san wadda ke satar tsaki a turmi da wadda ke watsar da 'ya'ya da wuri. In baƙo ya sauka ita ke zaɓar wadda za a yanka, kuma sai ta daɗe tana zaɓen har baƙon ya kusa yin sallama. Amma ba su da wurin kwana na kirki. Akwai tsohon akurki a bayan madafi, irin wanda mata ke ginawa, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, jikinsa duk huji, damina ta cinye rabinsa. Wasu su kwana a ciki, wasu a kan ceɗiya, wasu a madafi cikin toka. Cikin wata na uku na takaba muzuru ya gano gidan, ya ɗauke biyu a mako ɗaya. Washegarin ta biyu ina tsakar gida ina wanke ƙafa, na ji Inna daga cikin ɗaki tana ce wa matata:

"Bar su, 'yar nan. In sun ƙare ma an huta. Ba sauran abin da zai riƙe ni a nan."

Da ƙarfi ta faɗa. Na ɗauka da ni ake, ko da yake har yau ban tabbata ba. A nan na ƙudura cewa kajin nan ba za su ƙare ba. Zan yi musu ɗakin da ba a taɓa yi wa kaza irinsa ba a ƙasar Kiru, ta fito takaba ta gani, ta san akwai abin da za ta bari in ta tafi. Abin da bakina ya kasa, na ce hannuna zai yi. Cikin gida ba fili, lambu kuwa a rabona ya faɗo, saboda haka na nufi ɗakin Baba.

Kwashe kayan ya ci mini yini guda, ba don yawansu ba. Garma biyu, fartanya, lauje, dagin haƙa rami, tsohuwar guga, igiyar rama da ya fara tufka bai gama ba, malfarsa a rataye, da 'yan goruna cike da irin albasa, kowanne an toshe bakinsa da totuwa. Wurin duk warin albasa da gumin mutum ɗaya. Na zauna a bakin rijiya da malfar a hannu har rana ta karkata, sannan na tashi na kai kayan zaure.

Daga nan na kama aiki yadda na iya. Na haƙo jar ƙasa, na cuɗa ta da ciyawar ramno, na bar ta kwana uku ta tsima. Na cike kowace tsaga. Na ɗage jinkar na ajiye gefe, na ƙara bangon, na tattaro shi sama har ya haɗe kamar kan rumbu, sannan na mayar da jinkar a bisa. Ƙasan na zuba tsakuwa na daɓe, don kada gafiya ta haƙo. Na yaɓe ciki da waje, na bi da makuba har bangon yana ƙyalli. Ƙofa kuwa garwar kananzir biyu na samo a kasuwar Bebeji, na buɗe su na daddake, na kafa a jikin itace. Na gicciya azara biyu a ciki don su hau su kwana. Sati uku na yi a kai, na bar aikin mutane yana jira. Masu zuwa rafi suka riƙa tsayawa a bakin danga suna kallo, wani tsoho har ya tambaye ni ko amarya zan sa a ciki. Na ji daɗin tambayar, ba zan ɓoye ba.

Mu maginan rumbu muna da gwaji. In ka gama, da tsakar rana sai ka shiga a rufe ka. Ka jira idonka ya saba, sannan ka dudduba. Duk inda ka ga haske, ko da kamar ƙwayar gero ne, nan ɓera zai fara, nan gara za ta bi, nan danshi zai shiga ya ɓata hatsi. Rumbu mai kyau shi ne wanda za ka ɗaga hannunka ba ka gan shi ba. Na shiga, matata ta ja ƙofa. Duhu dunɗum. Sai wuri ɗaya tak, can ƙasan ƙofa inda garwar ta lanƙwashe, wani siririn haske faɗin yatsu biyu. Raina ya ɓaci. Na ce gobe zan gyara, goben kuwa aka kira ni wani aikin na manta.

Da na fito gumi ya jiƙa ni sharkaf, a ɗan wannan lokacin. Matata ta dube ni, ta dubi ɗakin. Ita 'yar Ɗansoshiya ce, cikin kaji da zabi ta tashi.

"Maigida, ta ina iska za ta shigar musu?"

"Inda iska ta shiga, nan tunku zai shiga," na ce. "Ki tsaya a tukunyarki."

Ta kuwa tsaya a tukunyarta. Sai bayan shekaru ta gaya mini cewa a yammacin nan Inna ta tambaye ta yaya ginin. Ta rasa yadda za ta kushe aikin miji a gaban uwarsa, sai ta ce, "Ya yi kyau, Inna." Inna kuma ba za ta zauna tana tone-tonen aikin ɗan fari ba, fita ta gani kuwa babu hali, lambun yana waje. Abin da ta ce kawai shi ne abin da kowace mai kaji ta sani: in an sauya musu wurin kwana, a kulle su kwana uku, a sa musu ruwa da dusa, kada a sake su sai sun saba, in ba haka ba tsohon wurinsu za su koma. Ita akurki take gani a ranta, mai huji ta ko'ina. Umarninta daidai ne. Ginina ma, da dawa za a zuba, daidai ne.

Saura kwana shida ta fita takaba, bazara ta kama sosai, irin zafin da ke sa a ba albasa ruwa sau biyu a yini. Da magariba muka kakkama su, ni da matata, goma sha ɗaya: jan zakara guda da kaji goma. Cikinsu akwai wata wake-wake da Inna ta fi so, wadda ke saka ƙwai a bayan randar ɗakinta. Har tara sun taru, Inna ta adana su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, kazar kuma ta fara neman kwanci. Na ce ita ma a kai ta, in ta saba a bi ta da ƙwan.

Da safe matata ta shiga musu da kaskon ruwa, ta fito ta ce sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake. Na ce baƙunta ce. Da yamma ta ƙara ruwa, ta ce ba su taɓa dusar ba. Na ce gobe za su ci. Ba ta sake magana ba, ta san halina in na gama gini. Ni kaina ban leƙa ba, don a ganina buɗe ƙofa a banza ɓata aiki ne.

Rana ta biyu ta fi ta farko zafi. Bayan azahar ina jan jigo, taku goma tsakanina da ɗakin. Na daɗe ina aiki kafin in gane abin da ke damuna. Jiya ina jin motsinsu, zakaran yana cara ko da muryar a shaƙe take. Yau ba komai. Na saki jigon na tafi.

Da na buɗe ƙofa, zafin da ya bugi fuskata irin na bakin tanderu ne. Garwar kanta ba ta taɓuwa. Ba ko ɗaya a kan azara. Zakaran yana tsakiya ya miƙe ƙafa, har ya sandare. Huɗu a jikin bango, su ma sun tafi. Uku suna kwance suna shure-shure. Sauran ukun kuwa, wake-wake da wata fingi mai birkitaccen gashi da wata sagara da ba ta fara ƙwai ba, sun cusa kai a ƙasan ƙofa, baki a jikin 'yar kafar nan da na manta ban toshe ba. Su kaɗai suka iya tashi da ƙafarsu.

Ban tsaya baƙin ciki ba, don ba lokaci. Kazar da ta mutu ba a yanka ba mushe ce. Na zaro wuƙar da nake gyaran albasa da ita, na fuskanci alƙibla, na yanka ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen ma ban tabbata na riske ta ba sai da na ga jini ya yi tsartuwa. Na yayyafa wa masu rai ruwa, na kai su inuwar lemo. Biyar ɗin na koma zaure na ɗauko dagin Baba, na haƙa rami na binne su a jikin danga.

Sannan na ɗauki yankakkun ta ƙafa na shiga gida. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, asabari a sake tsakaninmu.

"Inna, barka da rana."

"Barka kadai."

"Kajin ne. Zafi ya kashe su a ɗakin da na yi. Biyar mushe, uku na samu na yanka. Saura uku."

Na ji carbinta ya tsaya, can ya ci gaba. Sannan ta ɗaga murya.

"'Yar nan, ɗora ruwa a fige su kafin su lalace. Ɗaya a kai wa maƙwabta, ɗaya gidan liman."

Shi ke nan. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Ran nan da miyar kaza na ci tuwo, don ba a zubar da abinci, kuma ban taɓa cin nama mai wuyar haɗiya kamarsa ba. Muzuru da ake kuka da shi biyu ya ɗauka. Ni takwas na kashe a kwana biyu, bayan na yi sati uku ina shiri.

Kwana huɗun da suka rage ban kusanci ɗakin ba. Kaji ukun suka koma cikin gida, suna yawo a tsakar gidan da ya yi musu yawa. A raina na riga na sallama. Na fara tunanin yadda zan ɗaure mata tukwane da akussa don kada su fashe a hanya, har na ƙarasa tufkar igiyar nan ta Baba saboda haka. Na ce in ta tafi in rushe ɗakin, in shuka barkono a wurin.

Kawu ya iso ana gobe fita, da jakuna biyu. Ya ce ya gina mata ɗaki kusa da nasa, har an yi daɓe. Labarin kaji ya riga ya same shi tun a bakin rafi. Da muka gama gaisawa ya ce, "Magini, na ji ka yi wa kaji rumbu."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"To, ai sun ajiyu."

Ban ɗago kai ba.

Ranar fita mata suka taru da hantsi. Inna ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane baƙi na saƙi, aka raba gumba da waina sadaka. Ana jira ta fara zaga maƙwabta ta yi godiya yadda aka saba, sai ta fito ta ƙofar gida ta kewaya baya, ta tsallake 'yar hanyar ta shiga lambu. Ni da Kawu muka bi ta, matata na biye daga nesa.

Ta tsaya wajen rijiya ta dubi komayen albasa, ta daɗe. Rabonta da wurin tun mai shi yana jan jigo. Sannan ta je ɗakin, ta kewaye shi sau ɗaya tana shafa bango da tafin hannu. Ta sunkuya ta shiga, ta ja ƙofar garwa ta rufe kanta. Kawu ya dube ni. Ba ta jima sosai ba, amma ni na ga tsawon abin. Ta fito goshinta yana tsatsafo da gumi, ta goge da gefen mayafi.

"Ina dagin mai lambun?" ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

Na ɗauko na ajiye a gabanta. Ta ɗaga shi da hannu biyu ta sari bangon can sama, ƙarƙashin jinka. Dagin ya yi tsalle ya dawo, ko ɓantara bai yi ba. Ta sake, haka nan. Ta sauke shi tana mai da numfashi, ta dubi wurin.

"Gini dai ya ginu," ta ce.

Wannan ne yabo ɗaya da na taɓa ji daga bakinta a kan aikina, kuma a kan ginin da ya kashe mata kaji na same shi. Na karɓi dagin. Ta nuna da yatsa, na fasa. Ta matsa ta nuna, na fasa. Huji bakwai muka yi, huɗu ta gabas, uku ta yamma, duk a sama, kowanne faɗin tafin hannu. Ta sa matata ta saro ƙayar bagaruwa, aka gicciya a kowane huji aka liƙe gefen da laka, yadda iska za ta wuce tunku ya tsaya. Ta ce a cire garwar a saƙa ƙofar kara. Ban taɓa fasa yaɓen da na yi da hannuna ba sai ranar. Da muka gama na leƙa ciki, haske yana shigowa ta ko'ina, kusan yadda yake a zamanin Baba. Sai a lokacin na gane cewa ɗakin da na yi shekaru ina jin kunyarsa, da ƙofa da daɓe kawai na sa masa na ƙyale shi, da ya ishi kaji.

Inna ta ce wa matata ta ɗauko ƙwaryar bayan randa, ta kamo wake-wake. Ta zuba toka kaɗan da ƙaiƙayi a wani tsohon kasko a lungun ɗakin, ta jera ƙwan tara, ta ɗora kazar. Kazar ta ɗan juya, ta gyara ƙwan da baki, ta kwanta. Inna ta tsaya sai da ta tabbata ta zauna, sannan ta fito tana karkaɗe hannu.

Kawu ya ce, "To, sai ki je ki sallami mutane. Da asuba za mu kama hanya, kafin rana ta yi."

"Yaya, ai ka ga kaza ta kwanta."

"Na gani. Ga masu gida nan, su kula da ita."

"Waɗannan?" Ba ta dube ni ba. "Goma sha ɗaya na bar musu kwana biyu, ka ga abin da ya rage. Ba zan bar kaza a kan ƙwai a hannun mutanen nan ba."

Kawu ya shafa gemu.

"Kwana nawa ne?"

"Ashirin da ɗaya. Sannan 'yan tsaki sai sun yi ƙwari, saboda shirwa."

Ya dube ta, ya dube ni, ya yi 'yar dariya ta hanci. Washegari ya koma da jakunansa, muka ɗora musu albasa don kada su tafi haka nan. Cikin ƙwan tara huɗu suka ƙyanƙyashe, sauran zafi ya riga ya lalata su.

Kawu ya dawo bayan shuka. Ya tarar da fingi a kwance kan ƙwan zabi da Inna ta samo wurin wata Bafulatana mai kawo nono, shi kuwa ƙwan zabi sai ya yi sati huɗu. Ya dawo da kaka, ya tarar da sagarar nan, wadda ta zama uwa a lokacin. A shekara ta biyu na lura da wani abu. Duk ranar da matafiya suka kawo saƙon Kawu yana tafe, kafin yamma Inna ta zaga kajinta ta nemo mai neman kwanci, in babu a nata ta aro ta maƙwabta. Ban nuna na gani ba. Kawu ma ina jin ya gane, don daga shekara ta uku ya daina zuwa da jaki biyu. In ya sauka, bayan an gaisa sai ya ce, "Wace ce a kwance bana?" Inna ta gaya masa. Ɗakin da ya gina mata, an ce gyaɗa aka koma zubawa a ciki.

Na ci gaba da ginin rumbu, kuma ban rage masa komai ba, don rumbu toshewa yake so. Amma in mace ta ce in yi mata akurki, sai in ce ta gina da kanta, ni in kawo mata ƙasa.

Inna ta shekara goma sha bakwai a gidan bayan wannan. Kajin suka yi yawa har sai da na ƙara musu ɗaki na biyu, tana tsaye tana nuna inda za a bar kafa. Ba ta taɓa tada maganar takwas ɗin nan ba, ko sau ɗaya. Ni kuma ban taɓa ce mata na ji daɗin zamanta ba. Na yi ta cewa a raina zan faɗa, in an yi sallah, in an yi suna, in ta warke daga wannan ciwon ƙafar. Ban faɗa ba, kuma wannan ya fi kajin damuna har yanzu.

Kawu ya riga ta rasuwa da shekara shida, kuma ba wanda ya rage a danginta da zai zo ɗaukarta. Ita ta rasu da damina, bayan jinyar kwana takwas. Da aka dawo daga maƙabarta mutane suka cika zaure, na zame na tafi lambu don in sami inda ba kowa. Na buɗe ƙofar ɗakin farko. A lungu, cikin kaskon nan, wata jar kaza tana kwance, ta kumbura tana hararata. Matata ta biyo ni ta tsaya a baya. Ta ce ranar da ciwon ya fara, kafin Inna ta kwanta, ta lallaɓo nan da ƙwarya tana dafa bango, ta sa mata ƙwai goma.

Na tambaye ta saura kwana nawa.

"Goma sha uku," ta ce.

Na ɗauki kaskon ruwan na je rijiya na cika shi.